Bukkar da Muka Yi wa Yaya a Bakin Tafki

Tsakanin Gashua da Nguru akwai wani tafki da fatake ke yada zango a bakinsa. Ban san ko yana nan har yau ba, ban kuma taɓa tambaya ba. A wancan zamani tsamiya da kanya da goruba sun kewaye shi, inuwa ta haɗe, rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Dinya, agwagwar daji, ta rufe ruwan. A hayin can masunta Badawa sun kafa bukkoki suna banda, ƙanshin kifi na biyo iska yana tsokanar mai yunwa.

Shekarar da na fara bin ayarin gyaɗa na ba ashirin baya, gemu ya tsiro, hankali kuwa ko leƙowa bai yi ba. Yayana ne ya sa ni a ayarin. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, jakai huɗun da muke korawa ma nasa ne. Mutum ne mai sanyi, in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri, ni kuwa wannan sanyin haushi yake ba ni. Ba gyaɗa ce ta fito da ni daga gida ba, jirgin ƙasa ne. Duk tsarata sun je Nguru sun gan shi, sai ni.

Mun sauka tafkin da la'asar, saura tafiyar yini guda. Muka sauke mangala, muka dabaibaye jakai, na faɗa ruwa na yi wanka har yatsuna suka yi tamoji. Aka sayo tarwaɗa daga hayi aka gasa. Ban taɓa jin daɗin wuri kamar nan ba. Yaya dai bai ci ba, tun ranar da muka baro gida zazzaɓi ke cinsa yana ɓoyewa. Na ce, “Yaya, in ba ka ci, ai ga mai ci.” Na share rabonsa tas.

Da gari ya waye ƙuraje sun feso masa a goshi da hannuwa. Madugunmu, wani dattijo Bakano, ya tsaya daga nesa ya duba, ya ce, “Agana ce.”

Kowa ya san ƙa'ida. Ayari ba ya jiran mai agana, ba ya kuma shiga gari da shi. Sai a yi masa bukka a gefe, a kewaye da ƙaya saboda kura, a bar masa wanda ya taɓa yin ciwon, don ba ya kama mutum sau biyu. Idanu suka dawo kaina. Fuskata duk zanzana ce, na yi tawa ina shekara shida, lokacin Yaya na kiwo wajen kawunmu a Katuzu.

Madugu ya ce, “Samari, kai za ka zauna. Jakanku ni zan kora, in sayar muku da kayan.”

Na ce kayan gidanmu ba mai sayarwa sai ɗan gidanmu, ba a ba kura ajiyar nama. A gaban mutane na faɗa wa dattijon haka, ni da ban san ko yadda ake ɗora buhu a sikeli ba. Ya daɗe yana kallona, ya ce, “Allah ya shirye ka.”

Yaya ne ya raba gardamar daga kwance. Ya ce, “Bar shi ya je, Baba. Kwana nawa ne?”

Na ce, “Uku, Yaya. Uku kacal.”

Muka yi bukkar a gindin wata kanya. Na fi kowa saran ƙaya, don a ga ina yi. Na jera masa goran ruwa biyu da ƙullin gari, na ja babban reshe na toshe ƙofar shingen da hannuna, har ina yabon kaina cewa ko ɓera ba zai shiga ba.

Na ga jirgi. Na ga hayaƙinsa, na ji kukansa har cikin haƙorana, na ce sai na sake gani. Na biyun sai bayan kwana uku, na jira. Ga tsire, ga masu kalangu a bakin tasha, ga sababbin abokai da ke dariya duk abin da na faɗa. Madugu ya tare ni a kasuwa ya ce, “Kai, har yanzu kana nan?” Na ce gobe zan koma. Shi ya wuce Machina da mutanensa. Ƙarya ne in ce na manta da Yaya. Kullum da safe sai na tuna shi, in lissafa ruwan goran nan, in ce ai marar lafiya ba ya shan ruwa da yawa.

Ran na takwas na koro jakai na dawo. Tafkin na nan yadda yake, dinya na ta iyo. An ja ƙayar gefe, bukka ba kowa. Bayan kanyar akwai sabuwar ƙasa da aka ɗora wa itace.

Wata tsohuwa Babadiya ta taso daga bakin ruwa, fuskarta irin tawa. Hausarta a karye take, amma na ji komai. Ta ce ran na huɗu suka ji murya. Ruwansa ya ƙare, idanunsa sun rufe da ƙuraje, ya yi ta lalube yana neman ƙofa har ƙaya ta yayyaga masa hannu, ga tafki taku arba'in a gabansa. Ita ta buɗe, ita ta riƙa ba shi kunu.

Ta ce, “Na ce ya zo hayi, bukkata, in duba shi dare da rana. Ya ƙi. Ya ce ƙanensa zai zo, in bai same shi ba zai tsorata. Shekaranjiya ya cika.” Ta dube ni. “Kai ne ƙanen?”

Na ce, “A'a, Iya. Ɗan ayari ne ni.”

Ta kalli zanzanar fuskata, ta kalli jakan, ta tofar da yawu ta koma bakin ruwa. Na ji kunya, amma tsoro ya fi yawa, tsoron kada maganar ta riga ni isa gida.

Ba ta riga ni ba. Na gaya wa mahaifiyarmu a cinyata ya cika, ni na yi masa wanka, ni na haƙa kabarin. Madugu ya dawo bayan wata biyu, ya zo gaisuwa, ya ji tana ba da labarin, ya sunkuyar da kai, ya tashi ya tafi. Shekara goma sha tara ta yi bayan haka, a ɗakina ta ƙare. Duk sanda za ta sa mini albarka, da wannan take farawa, wai ni ne ɗan da bai guji ɗan'uwansa ba.