Juma'ar da Kulle Ɗaya Ya Tsayar da Jini

Akwai wata Juma'a da ba na jin za ta fita daga raina ko tsufa ya cinye min tunani. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa mai zaman kansa a wajen Ƙofar Rini, ni ce mai kula da kwamfutoci da rumbun bayanan asibitin. Ban daɗe da gama karatu ba, ga rawar kai, ga baki, gani nake babu abin da ya fi ƙarfina.

Shi rumbun bayanai tebur-tebur ne, kowane tebur kuma layi-layi. A teburin jini, duk ledar da ke cikin firij tana da layinta: lambarta, rukuninta, wanda ya bayar, da matar da aka gwada aka ga jinin ya dace da ita. A jikin ledar kuwa lamba da rukuni kawai ake rubutawa. Idan mutum zai gyara wani abu, rumbun yakan sa kulle don kada mutum biyu su taɓa abu ɗaya a lokaci guda. Inda ake samun saɓani shi ne girman kullen: layin da ake gyarawa kaɗai za a rufe, ko teburin gaba ɗaya?

Namu teburin duka ake rufewa, ko dubawa ba mai iya yi sai mai gyaran ya adana. Dalili kuwa, kafin zuwana an taɓa ware leda ɗaya wa mata biyu. Allah Ya sa an gano da wuri, amma abin ya razana mai asibitin, wani dattijon likita mai tsantseni, ya sa aka gina manhajar a haka. Na yi masa ƙorafi har na gaji.

"Likita, wanga abu awa a garƙame ƙohwar gida na don akwati guda," na ce masa wata rana.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗiyata, ke ba ki ga abin da nig gani ba. A bar shi hakanan."

Na fito ina ƙunƙuni. A raina na ce tsoron tsofaffi ne kawai.

Duk wanda ya san Sakkwato ya san yadda wurin aiki ke komawa idan lokacin Juma'a ya gabato. Maza sukan watse, asibiti ya zama na mata. Mai gwajin jininmu mutum ne mai natsuwa da tsoron Allah, kuma ba ya wasa da sahun gaba. Ranar ya rufe ofishinsa mai ƙofar ƙarfe, ya jefa makulli a aljihu, ya kashe waya, ya tafi. Mai asibitin ma ya tafi.

Ba su jima da fita ba wata mata da ta haihu da safe jini ya ɓalle mata. An riga an yi mata gwaji tun da hantsi, jininta na cikin firij, makullin firij kuma na hannun Sista, shugabar ma'aikatan jinya. Abin da ya rage kawai a duba wace leda ce tata. Sai ga Sista ta faɗo ofishina ko sallama babu.

"Taso! Kwamhuta ta ƙi buɗewa, juyawa kawai takai!"

Ina dubawa na ga abin da ya faru. Teburin jini a kulle yake, kuma kwamfutar mai gwaji ce ke riƙe da kullen. Ya buɗe wani layi zai gyara, lokacin masallaci ya yi, ya tashi bai adana ba.

Ina da ikon yanke shi daga rumbun, kullen ya saki nan take. To amma duk abin da bai adana ba zai goge, tebur ya koma yadda yake a da. Idan layin matar nan ya buɗe fa? Idan kuskure ya gano a sakamakon safe yake gyarawa? Ina yanke shi tsohuwar lamba za ta fito, mu ɗauki jinin da ba nata ba mu sa mata da hannunmu. Idan kuma na jira a sauko daga masallaci, wataƙila babu wadda za a sa wa.

Mahaifiyar matar, wata tsohuwa da ta zo daga ƙauye, tana tsaye a baranda ta riƙe jaririn. Ta tare Sista.

"Jinin na ya ƙare?"

"Akwai shi, Inna."

"To mi aka jira?"

Sista ta ratsa ta gefenta ta dawo ofishina. Har yau idan na tuna muryarta sai in ji kunya ta rufe ni, duk da ba ni na gina abin ba.

Na shiga inda rumbun ke nuna umarnin ƙarshe da kowace kwamfuta ta aiko. Can na ga lambar ledar da mai gwaji ya buɗe layinta. Na karanta wa Sista, ta ruga firij, ta dawo tana haki ta ce rukunin wannan ledar daban yake da na matar, ba yadda za a yi a ce tata ce. Na yi bisimilla na yanke mai gwaji daga rumbun. Tebur ya buɗe, lambar ledarta ta fito, Sista ta fizgo ledar daga firij ta yi ɗakin haihuwa. Ni kuwa na zauna ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

Matar ta rayu. Da mai gwaji ya dawo da darduma a kafaɗa aka ba shi labari, sai ya sulale ya zauna a ƙasa. Na tambaye shi abin da yake gyarawa.

"Lambar waya ta," ya ce. "Wani mai ba da jini yac canza layin waya."

Da yamma mai asibitin ya kira ni. Na shiga da "ai na faɗa" a bakina, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Ya ce, "Ki rage girman kullen, ɗiyata. Amma kar a sake ba mata biyu jini guda."

Na mayar da kullen na layi-layi, na sa shi ya saki da kansa idan an bar shi ba motsi. Aikin bai zo da sauƙin da na yi zato ba. Ƙananan kulle suna da yawa, suna son lura, har wata rana ma'aikata biyu suka cije, kowa na riƙe da layin da ɗayan ke jira. Sai a lokacin na gane tsoron dattijon nan ba na banza ba ne, na kuma rage baki.

Abin da na koya shi ne, a ranar nan babu mugu kuma babu malalaci. Likita rai yake karewa, mai gwaji ibada ya tafi, amma saura kaɗan mu rasa mai jego saboda lambar waya. Tsantseni ma yana son awo. Tun daga lokacin, kafin in rufe komai, a kwamfuta ko a rayuwa, sai na fara tambayar kaina wa zai tsaya a waje yana jira, kuma ko yana da lokacin jiran.