Shanu Bakwai na Ardo Jaɓɓi

Har na shiga kabari ba zan manta da ranar kasuwar Gummi da Alhaji Bawa ya hana ni zama a rumfarsa ba. A ƙarshen 1983 ne, ina ƙaramin jami'in bincike a wani kamfanin inshora a Gusau, da sabon babur da kan da ya fi hulata girma.

Ga wanda bai san aikin ba: ɗan kasuwa da ke ba da kaya bashi yakan biya mu wani abu duk shekara. Idan mai karɓar kayan ya kasa biya bayan wata uku, sai mu ba ɗan kasuwar kaso mafi yawa na kuɗinsa. Amma daga nan bashin ya zama namu, mu ne za mu bi mai shi, ko da ta kai gaban alƙali. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana bayan takarda da Turanci. Lokacin da na shawo kan Alhaji Bawa ya shiga, ban karanta masa shi ba, don kada ciniki ya ɓaci.

Alhaji Bawa gishiri da kanwa yake sayarwa. Babban abokin cinikinsa Ardo Jaɓɓi ne, wani dattijon Bafillace da ke da ruga wajen Bukkuyum. Shekara ashirin yana ɗaukar kaya, ya biya idan shanu suka yi ƙiba. A shekarar nan ciwon bushiya ya shiga garkensa, shanu bakwai kawai suka tsira.

Da wata uku suka wuce Ardo bai iya biya ba, Alhaji ya kira ni ya sa hannu a takardar neman diyya. Ya ce, "To, ku biya ni, Ardo shi huta. Kada shi ji komi." Na ce to, alhali na san ƙa'ida ta ce sai na ga mai bashin ido da ido.

Na hau babur na tafi rugar. Na tarar da Ardo a ƙarƙashin wata bishiyar ƙirya tare da 'ya'yansa da surukansa, sun zo yi masa jaje. Da ina da hankali da na ja shi gefe. Amma gaggawa nake kada rana ta faɗi, sai na zaro takarda na karanta adadin bashin a gaban kowa, na tambaye shi ko ya amince ya kasa biya.

Ardo bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Bawa ne ya aiko ka?" Na ce kamfani ne. Ya sa aka kawo min nono a ƙwarya, na shanye, na kama hanya ina ganin na yi aiki.

Ranar kasuwa Ardo ya kora shanun nan bakwai zuwa kara, inda ake cinikin dabbobi, har da saniyar da ake tatsa wa jikokinsa, ya sayar a farashin wulaƙanci. Ya aika ɗansa wurin Alhaji Bawa da kuɗin a ƙulle cikin tsumma, bai je da kansa ba.

Ina isa rumfar, na miƙa hannu zan jawo kujera, Alhaji ya ce, "Tsaya nan inda kake. Mi kay yi mani? Ni don in ruhe mai asiri niz zaka wurinku, kai kat tahi kat tone shi gaban surukkai. Waɗanga shanu su ne iri. Da mi za shi tashi?" Ya aika a fanso su, amma dillalai sun riga sun loda su mota zuwa kudu. Kafin damina Ardo ya tashi da iyalinsa, an ce yana yi wa wani kiwo can Borgu.

A Gusau kuwa manaja ya buga kafaɗata a gaban ma'aikata. Ya ce, "Malam Sani, ka ceci kamfani, ko kwabo ba mu biya ba." A rahoton shekarar aka ba da shawarar a ƙara min girma, kuma na karɓa. Kunyar wannan har yau tana cina.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku karanta wa mutum bayan takarda kafin ya sa hannu, ko da ciniki zai ɓaci. Kuma ku sani a ƙasar nan mai bashin da ya yi shiru ba lallai gudu yake shirin yi ba. Mu tsoron wanda zai ƙi biya aka koya mana. Ba wanda ya koya min tsoron mutumin da zai sayar da abincin jikokinsa don kada a ce ya kasa.