Farcen Baba Hodi

Duk mai bin hanyar Badariya da hantsi ya san rumfar Baba Hodi, ko da bai san sunan mai ita ba. Kafin Baba ya taɓa kowane ƙarfe sai ya share gindin darbejiya, ya yayyafa ruwa, ya shimfiɗa tsohon buhun taki, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba. Sannan ya zauna a kan kututture ya goge farcen ƙaramin yatsansa na dama a jikin riga. Shi kaɗai ya bari ya yi tsawo. Shekara talatin da biyu yana gyaran injin yankan itace da injin ban-ruwa, kuma a watan nan ya ce ya ajiye, don idanunsa sun daina ganin ƙananan notuna.

Mutane kan yi masa tsiya a kan farcen nan, wai ado ne irin na samari. Amma ku tambayi Ɗanmusa, mai sassaƙa jirgin ruwa a Argungu, wanda kanikawa biyu suka ce ya jefar da injinsa. Har yau injin yana aiki a bakin gulbi. Ni ma ina da tawa shaidar, kuma na daɗe ina ɗauke da ita.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Shinkafar ranin Kawu Tamba ta makara a fadamar Zauro. An yanke ta an tara, sai guguwar farkon damina ta kayar da wata tsohuwar tsamiya a kan hanya ɗaya tilo da amalanke ke bi. Dama taɓo, hagu taɓo, ga ruwa ya fara taruwa a kwari. Abincin gidan Kawu na shekara guda yana bayan itacen nan, kuma gatari ba ya cin tsamiya da sauri.

Kawu yana da tsohon injin yankan itace. Ni malamin makaranta ne, na zo taya shi aiki a ranar hutu. Ya tafi neman shanu, ya bar ni ina yanke rassa, sai mai ya ƙare. Na waiga na ga jarkar fetur ta injin ban-ruwa, na ɗauka na tuttula. Ai inji inji ne, haka na ce wa kaina. Ban san wannan ba ya shan fetur zalla sai an gauraya masa da baƙin mai ba. Bai yi minti goma ba ya yi wata ƙara mai tsinka zuciya, ya mutu a hannuna. Da Kawu ya dawo ya ja igiya har ya yi gumi, ya ce, "Tsufa ya kama shi." Ni kuwa na yi tsit. Wallahi tsoro ne ya rufe mini baki, da kunya.

Muka ɗora shi a babur sai rumfar Baba Hodi. Abu na farko da ya yi, ya buɗe tanki, ya tsoma yatsa, ya murza, ya sansana. Ya dubi Kawu, ya dube ni. Sai ya kwance notuna huɗu ya zare silinda. Fistin ɗin da ke kai-komo a cikinta duk ya ƙwarzane, cikin silindar kuma ya yi zane-zane fari.

"A sayo sabuwa mana," in ji Kawu.

"Irin wagga ba a samun ta Birnin Kebbi. Sai an aika Kano, kwana bakwai."

"Hodi, ruwa ba shi ba ni kwana bakwai."

Sai Baba Hodi ya rufe ido, ya zura farcen nan cikin silinda, yana bin bangonta a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Mun daɗe muna kallon sa. Da ya buɗe ido ya zaro farcen ya ce, "Akaifa ba ta kama ba. Fistin ne ya narke ya manne, bangon da sauran rai nai. In da ta kama, da na ce maka ka tahi ka nemi masu gatari."

Kai ne ka zauna tun hantsi har la'asar, Baba, da takarda mai yashi da gwangwanin kananzir, kana goge abin da wani zai ce a jefar. Sallar azahar kaɗai ta tashe ka. Ka goge, ka wanke, ka sa farce, ka sake gogewa, har fatar yatsunka ta yi ja. Kai ne ka zazzage akwatin matattun injuna ka lalubo fistin da ya dace. Na ga mutum uku sun zo da aiki mai sauƙi ka ce su dawo gobe, akwai shinkafa a bakin ruwa.

Da Kawu ya zaga yin alwala, ka miƙo mini kwalba ka ce, "Malam, riƙe man." Ka auna baƙin mai ka zuba cikin fetur, ka girgiza a gaban idona har launinsa ya sauya. Ka yi ƙasa da murya ka ce, "Wanga ba injin ruwa ba ne. Ka gani?" Na ce na gani. Iyakar faɗan da ka yi mini ke nan.

Ja na uku injin ya tashi. Washegari kafin azahar an datse tsamiya, amalanke suka yi ta jigila har yamma. Kwana biyu bayan haka, wurin da aka tara shinkafar sai da jirgi ake ratsa shi.

Makon jiya na je gaishe shi, na iske yana rarraba sifanoninsa ga masu gyara na unguwar. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa Kawu gaskiya ranar nan. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce, "To da na faɗa, silindar ta gyaru? Inji aka kawo man, ba shari'a ba."

Hodi mai farce ɗaya, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar ido, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Ku kuma masu gyara da kuka karɓi sifanoninsa, don Allah ku karɓi halinsa tare da su: ku taɓa abu da hannu kafin ku ce ya mutu, kuma ba duk abin da kuka sansano a tanki ne na faɗa a gaban jama'a ba.

Kawu Tamba har yau yana ba da labarin yadda tsufa ya kashe injinsa, Hodi ya tashe shi. Ba ya karatun boko, amma na san 'yarsa Kulu za ta karanta masa wannan. Kawu, ba tsufa ba ne. Ni ne na zuba man.