Busar da Baba Kofur Ya Yi wa Saje Alkawari

Ranar da haƙoran Baba Kofur suka tashi sama, ni na kai shi wurin a bayan babur ɗina, don haka kada wani ya ce ji na yi. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ce. An kafa rumfa a harabar ofishinsu, manyan baƙi a inuwa, mu 'yan rakiya a rana. Tsofaffin sojan da aka iya tattarowa ba su cika layin kujeru ɗaya ba, rabinsu ma gyangyaɗi suke. Da aka zo busar girmama matattu sai aka kira Baba Kofur, kamar kowace shekara. Ya miƙe cikin kakin da yanzu ya yi masa yawa, ya buga ƙafa, ya ɗaga begila, ƙahon nan na soja, ya hura. Abin da ya fito, da a ɗaki aka ji shi sai an buɗe taga. Ya sake hurawa da ƙarfi, sai haƙoran robarsa na sama suka suɓuce ta gefen baki, suka yi tsalle biyu a kan siminti, suka tsaya gaban takalmin babban baƙo suna yi masa murmushi.

Wani matashin hafsa ya yi alama da kai, aka danna waya, busar ta fito daga lasifika tas, ba tangarɗa. Baba Kofur ya ƙame da bakinsa a loɓe, hannu a goshi, har aka gama. Ni na rarrafa na ɗauko haƙoran, na goge su a rigata. Ba zan yi ƙarya ba, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Kafin rana ta faɗi duk layinmu ya ji labarin, kuma na ƙara masa gishiri, na ce babban baƙon ya sara wa haƙoran.

Ni mai facin taya ne. Karatuna a aji uku ya yi faci, ban kuma samu wanda ya liƙe shi ba. Shagona da ɗakin Baba Kofur bango ɗaya muke, shekara goma sha tara ke nan. Kullum da safe in na buɗe shago nakan ɗaga murya in tambaye shi ko da gaske ne shi a yaƙi busa kawai yake yi mutane na harbi. Shi kuma ya amsa ta taga cewa mai sayar wa mutane iska ba shi da bakin yi wa wani gorin sana'a. Da wannan muke karyawa.

Abin da na sani game da shi, tsince-tsince ne, don ba mai son ba da labarin yaƙi ba ne. Ya shiga soja gemu bai fito masa ba, bayan ya ƙara wa kansa shekara biyu a gaban mai rubutu. An ga ƙirjinsa da faɗi aka miƙa masa begila. Shi ke ta da mutane, shi ke kwantar da su, shi ke kiran su abinci, in an binne wani kuma shi ke sallamarsa. Ya taɓa ce mini akwai makon da ya yi busar sallama har leɓensa ya fashe, ni ma na san nan ba wurin wasa ba ne. Da ya dawo ya yi gadi a wani gidan katako har ƙafafunsa suka gaji. Matarsa ta riga shi tafiya gidan gaskiya. Autarsa, mai ɗinki, ita ke zaune da shi. A ɗakinsa akwai gadon ƙarfe, da akwatin ƙarfe, da takalman da yake gogewa ko ba inda za shi, sai begilar a rataye jikin ƙusa. Duk mako yana wanke ta da toka da lemon tsami har ka ga fuskarka a jikinta, in kana da ƙarfin halin kallo.

Lokacin da na kama shagon nan su bakwai ne tsofaffin sojan unguwar. A bencin gaban shagona suke zama da yamma, suna gardamar wanda ya fi wani tsoro a wani kogi da ba wanda ya san sunansa sai su. Akwai alkawari tsakaninsu: duk wanda ya tafi, bayan mutane sun gama nasu, Kofur zai tsaya a ƙofar makabarta ya yi masa busar sallama, da bakinsa, da begilar da suka ji a can. Sau biyar na ji ta. Na farko Dogo direba, na ƙarshe Mai Sanda. Kafin a tafi makabarta kuma Kofur yakan busa ta sau ɗaya a ƙofar nasa gidan, har unguwa ta saba: in ka ji wannan muryar, benci ya ragu da mutum ɗaya.

Saura su biyu, shi da Saje. Saje yana ƙarshen layi a gidan ɗansa, shekara guda bai taka ƙasa ba, idanunsa sun tafi, amma kunnensa da bakinsa suna nan garau.

Washegarin abin kunyar nan na buɗe shago na jefa masa tawa. Na ce ina da gam ɗin faci mai kyau, in ya yarda in liƙe masa haƙoran ba za su sake fita yawo ba. Shiru. Na ce ko in haɗa masa begilar da injin iskana, shi ya riƙe, ni in kunna. Shiru. Mutumin da bai taɓa barin magana ta kwana a hannunsa ba. Amma bakina ba shi da birki, na ci gaba har autarsa ta leƙo ta ce, “Kawu, don Allah ka bar shi haka. Tun jiya bai sa komai a bakinsa ba.”

Ita ta gaya mini abin da ke cin sa. Dariyar mutane ba ta dame shi ba. Saje yake tunani. Likita ya faɗa wa iyalin Saje su fara shiri, shi kuma Baba Kofur ga leɓe ya saki, ga haƙora ba su zama, ga numfashi ya gajarta. In Saje ya tafi gobe, da me zai tsaya a ƙofar makabarta?

Daga ranar na fara jin wani abu ta bango, kamar akuya an toshe mata baki. Ashe tsumma yake cusawa a bakin begilar yana gwaji a ɓoye, kada unguwa ta ji. Ya hura, ya yi tari, ya zauna, gadon ya yi ƙara, ya sake tashi. Da haƙoran, sukan zame. In ya cire su, ƙarfen ya ci masa dasashi, har autarsa ta nuna mini jini a ƙyallen aljihunsa. Ina facin tayar mutane ina jin wannan, na rasa ta inda zan shiga.

Sana'ata ce ta ba ni ƙofa. Na yanko robar cikin taya mai laushi, na yi mata zobe daidai bakin begilar, na goge gefenta sumul. Na shiga ɗakin ba sallamar kirki na ajiye a kan akwati, na ce masa na gaji da kukan akuya, kwastomomi na tambayata ko na koma mahauci. Ya juya zoben a hannu, ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce yau ce rana ta farko da ya ga na yi abin da ba iska a cikinsa. Wallahi sai na ji kamar an ba ni lambar yabo.

Ya cire haƙoran ya ajiye a kofi, ya sa zoben. Ya ce da tsumma ba zai gane ko ya yi ba, sai ya ji muryarta ta gaske. Mu biyu, babba da babba, ba wanda ya yi tunani a cikinmu. Muka fita bayan shagona da hantsi, tsakanin tsofaffin tayoyi, ya zare tsumman ya busa. Ta fito. Siririya, tana rawa, ta karye a tsakiya, amma ita ce.

Ba mu gama murna ba na ji ana rufe shaguna. Mai kayan miya ta yafa mayafi, aski ya tsaya da rabin kai, jama'a suka nufi ƙarshen layi. Wani ya kira ɗan Saje a wurin aiki ya yi masa gaisuwar rashi. Surukar Saje, wadda ta bar shi yana shan shayi ta fito shanya, ta ga mata na shigowa suna share hawaye, sai ta yar da bokiti ta ruga ɗaki. Ta tarar da mamacin yana neman ƙarin sukari.

Aka aiko Saje na kiran Kofur. Na raka shi, don rabin laifin nawa ne. Ɗakin Saje warin man zafi yake, an jingina shi da matasai uku, ya rame har agogonsa ya koma gwiwar hannu. Baba Kofur ya ƙame a bakin gado ya fara ba da haƙuri, Saje ya katse shi. Bai ce komai a kan an kashe shi da ransa ba.

“Kofur, wannan ce busar da za ka sallame ni da ita? Ta karye a hawa na uku. Dogo ya samu cikakkiya, shi da ko fareti bai iya ba. Ni ba inda za ni da wannan. Gobe da hantsi ka zo nan ka yi a gabana.”

Haka aka yi kwana goma sha ɗaya. An sanar wa unguwa kada kowa ya sake rufe shago. Kullum in raka shi, ya tsaya a tsakar gida, Saje daga ɗaki yana gyara masa kamar sabon kurtu: ya yi sauri, ya ja da yawa, ya sha iska a inda ba a sha. Surukar ta ce tun da aka fara, tsohon ya koma cin abinci. Ni kuwa Baba Kofur nake kallo. Bayan kowace busa sai ya dafa bango, leɓensa ya yi shuɗi, ƙirjinsa na kuka kamar taya mai ƙaramin huji. Autarsa ta same ni a shago ta ce in hana shi, kada a garin sallamar wani a sallame shi. Na gwada. Ya ce alkawari kaya ne, kuma ba a kaina aka ɗora ba.

A rana ta goma sha ɗaya Saje bai gyara komai ba. Ya dai ce, “Da sauranka, amma na gaji da jira.” Washegari da safe ya cika.

Baba Kofur bai busa ta ƙofar gida ba, ya ce numfashin guda ɗaya gare shi, ba zai raba shi biyu ba. Da aka gama binnewa mutane suka fito, ya tsaya a ƙofar makabarta cikin kakinsa, haƙoran na aljihuna. Ba hafsa, ba rumfa. Ɗan Saje ya matso kusa da ni da waya a hannu, ya raɗa mini cewa ya nemo busar ya ajiye, ko da za a buƙata.

Baba Kofur ya fara. Hawa na farko, na biyu. Na uku ya wuce da ƙyar, ina jin kaina ina hura iska tare da shi. Saura dogon sautin ƙarshe sai numfashin ya yanke. Ya tsaya da begilar a baki, kafaɗunsa na hawa da sauka. Ɗan Saje ya ɗaga wayar, na kama hannunsa na mayar ƙasa, ban ma san na yi ba. Muka tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, na dai ji har kukan tsuntsu a bayan katanga. Sannan tsohon ya ja abin da ya rage masa ya fitar. Ba ta yi tsawon ta Dogo ba, ko rabi, amma ta kai ƙarshe.

A hanyar gida ya ƙi hawa babur, sai na tura shi muna tafe a hankali. Da muka iso ya zauna a bencin shi kaɗai, a gefen da ya saba, ya bar sauran wurin kamar masu shi na zuwa. Na miƙa masa haƙoransa ya mayar. Abin da ke cikina tun makabarta ya taso mini, kuma ni ban iya faɗar irin wannan ba sai da wasa. Na ce, “To Baba, kowa ka sallame shi. Kai fa, wa zai busa maka? Ko in fara koyo?”

Ya zare zoben robar daga begilar, ya hure shi, ya sa a aljihun gaba inda lambobinsa suke.

“Kai? Ka bar begila ta huta. Ranar tawa ka dai rufe bakinka na minti ɗaya. Duk unguwar nan za ta san babban abu ya faru.”