Bangon Ɗanjuma a Batha

Shekara tara ke nan cif da muka sallaci Malam Ɗanjuma magini a Riyadh, muka raka shi makwancinsa. Yau ko za a ɗora min wuƙa a wuya ba zan iya nuna kabarinsa ba. A nan ba a rubuta suna, dutse kawai ake kafawa, duwatsun kuma duk kamarsu ɗaya. A lokacin ban damu ba, don na ɗauka ai ya bar mana bango.

Bangon yana cikin wani tsohon gidan shayi ne, a wani lungu na kasuwar Batha. Ginin ƙasa ne tun na kakannin masu shi: ƙofar katako mai nauyi, rufin itace da hayaƙin gawayi ya baƙanta, da 'yan ramuka masu kusurwa uku can sama don shigar iska. Daga ciki dakali ya zagaye ɗakin, an shimfiɗa masa darduma da ta ga jiya ta ga yau. Nan muke haɗuwa bayan sallar Juma'a, mu direbobi da leburori, mu sha shayi, mu zagi kafilanmu da Hausa, su iyayen gidan da ke riƙe da takardunmu, mu ji sanyi a rai.

Ɗanjuma mutumin Zariya ne. Kwaɓa siminti ya kawo shi, amma hannunsa na ƙasa ne. Ya yi ta bin tsohon Balaraben da ke da wurin har ya bar masa bangon gabas. Da yatsunsa ya fitar da dagi a tsakiya, ya kewaye shi da zane irin na zaurukan garinsu. Ranar da ya gama, wani Bakatsine da muke kira Sarkin Surutu ya shigo, ya tsaya yana kallon bangon. Sai muka ga yana share ido da hularsa.

Kowace shekara sai Ɗanjuma ya sake yaɓe, wai kafin damina. Mu ce, "Haba Malam, wace damina a Riyadh?" Ya ce, "Ku dai miƙo min ruwa." A ɗanyen yaɓen nan ne duk wanda ya tattara komatsansa zai koma gida ke danna tafin hannunsa. Ɗanjuma ba ya taɓa shafe su, zagaye su yake yi. Can gefe ya bar wani ɗan fili, ya ce nasa ne. Saura wata huɗu ya tafi, zuciyarsa ta tsaya a wurin aiki. Filin ya zauna haka nan.

Laifin da ya biyo baya namu ne, kuma nawa ya fi yawa. Dukanmu a gidan ƙasa aka haife mu, mun san abin da rashin yaɓe ke yi. Muka ce sai bayan azumi, muka ce sai bayan Hajji. Da zafi ya ishe mu muka samo mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ni na ɗauko ta a motata, ni na nuna inda za a huda. Ruwanta ya yi ta ɗiga a bangon gabas muna shan iska muna hamdala. Cikin shekara biyu dagin ya kumbura ya fara zubewa. Da tsohon ya rasu, 'ya'yansa ba su ga abin ajiyewa ba. Aka kankare cikin kaf, aka liƙa fararen alluna, aka kunna fitilu masu kashe ido. Wayoyi ake sayarwa a wurin yanzu.

Nakan tambayi kaina me Ɗanjuma zai ce da ya leƙo. Na san ba zai ga laifin yaran Balarabe ba, ba su san dagi ba. Ni zai kalla. Mutanen da suka bar tafinsu kuwa sun watse, wasu sun rasu, mu da muka rage ba mu da wurin zama sai cikin mota.

Bara 'yarsa Rakiya, wadda ya bari tana goye, ta same ni a waya. "Kawu, ka turo min hoton kabarin Baba." Na yi mata bayani. Sai ta ce, "To, ko wani abu da ya gina da hannunsa." Na je Batha, na shiga shagon, na ɗora tafina a kan farin allon, daidai filin da ya bar wa kansa. Mai shagon ya tambaye ni wace waya nake so. Na fito, na ɗauki hoton ramukan nan na waje, su kaɗai suka rage, na tura mata. Ta amsa, "Allah sarki, hannun Babana."

Shekara guda ke nan na kasa gyara maganar. Rakiya, in wannan rubutu ya iso gare ki, ki yafe min. Ramukan nan wani magini ne ya yi su tun ba a haifi mahaifinki ba. Aikin hannunsa babu ko ƙwaya da ta rage, kuma ni na ɗauko abin da ya cinye shi. Allah ya jiƙan Malam Ɗanjuma.