Ranar da wayata ta yi magana a ofishin 'yan sanda

Ko da tsufa zai kwashe mini komai, ranar da na miƙa wa ɗan sanda wayata da hannuna ba za ta fita daga raina ba. Ba wanda ya ƙwace ta. Ni na bayar, ina ma taƙama.

Ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwarmu a Mubi an san idona ba ya barci. A gidana waya ba ta da makulli. Ta jikoki, ta matar ɗana, duk sai na karɓa na duba hotuna, na sa a karanta mini abin da ban gane ba. Karatuna kullum ɗaya ne: mai gaskiya ba ya ɓoye waya. Ni kuwa da ba na rubutu, saƙon murya nake aikawa. In na idar da la'asar sai in danna, in ba ƙanwata da ke aure a Belel labarin unguwa kaf da Fulatanci. A zatona magana ce irin ta tsakar gida, ta ji, iska ta kwashe. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa wayar tana tarawa kamar rumbu.

Akwai wani mutum da ke kawo mini man shanu daga wajen Belel. Aka kama shi kan zargin satar shanu, aka ga lambata a wayarsa, aka ce in zo in yi bayani. Matar ɗana ta raka ni, tare da maƙwabciyata, wadda nake kira Adda. Kirista ce, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Lokacin da gari ya watse kowa ya gudu, ita ta riƙe hannuna muka haye mayo, wato kogi, ruwa har ƙirji.

Ɗan sandan baƙo ne a ƙasar nan, Hausarsa ma da ƙyar, amma yana da ladabi. Ya ce yana so ya ji abin da ke tsakanina da mai man shanu, sai dai doka ba ta ba shi ikon buɗe saƙonnina haka kawai ba, sai da takardar kotu ko da yardata. Matar ɗana ta matso ta raɗa mini cewa in nuna masa na mutumin kaɗai, ko in bari a kawo takardar. Na harare ta. A raina na ce wato ke ce za ki koya mini ɓoye-ɓoye.

"Ɗana, buɗe duka," na ce. "Takarda ta ɓarayi ce. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

Da ya ji ƙanwata ma a Belel take, sai ya fara da ita. Muryata ta cika ofis. Ya ce ba ya jin Fulatanci, wa zai fassara? Matar ɗana ta sunkuyar da kai. Adda ta gyara zama ta ce ita za ta yi.

Ta saurara, fuskarta ko motsi, ta ce, "Ta ce kunun da maƙwabciyarta ta yi a bikin 'yarta ruwa ne tsululu, har mutum yana hango fuskarsa a ciki."

Ya tambaya wace maƙwabciya.

"Ni," in ji Adda.

Wani ɗan sanda da ke gefe ya tashi ya fita, kafaɗunsa suna rawa. Saƙo na gaba ya shigo, Adda ta fassara shi tas: wai in tana waƙar coci da safe kajina kan daina ƙwai. Ban taɓa sanin tana jin Fulatanci har haka ba. Har lokacin dai abin kunya ne kawai, kunya kuwa ba ta kisa.

Sai na ji muryata ta yi ƙasa, ina cewa ƙanwata kada ta gaya wa kowa.  Maganar ɗan autan Adda ce, wanda unguwa ta sani yana karatu a Yola. Ba karatu yake ba, shaye-shaye ne ya kama shi aka kai shi magani. Ni kaɗai ta gaya wa, a ɗakina, tana kuka. Ga shi ina zuba shi a gaban hukuma, har da sunan yaron.

Adda ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wannan babu shanu a ciki, ranka ya daɗe. Maganar gida ce."

Matar ɗana, wadda na shekara ina binciken wayarta, ita ta ɗora hannu a kan tebur ta ce Dada, wato ni, ta janye yardarta, a tsaya a kan mai man shanu. Ɗan sandan ya dube ni, na gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Aka buɗe nasa. Ba komai sai ni ina masa faɗa cewa mansa ya yi tsami. Aka sallame mu, har da ba ni haƙuri.

Muka hau Keke Napep muka koma gida. Na shiga gidan Adda da yamma na roƙe ta gafara, ta ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe ƙofa. Damina ta wuce ba ta leƙo ba. Sai ranar Kirsimeti ga ta da kwano da kanta, kunu mai kauri har ludayi yana tsayawa. Ta ajiye a gabana ta ce, "Sai ki sanar da ta Belel."

Muka yi dariya har da hawaye, muka koma gaisawa ta kan katanga. Amma daga ranar ba ta sake ambata mini sunan yaron nan ba. Labarin warkewarsa a bakin mai kayan miya na ji.

Yanzu wayar kowa a gidana tana hannun mai ita. Na gane takardar da na raina ba don ɓarayi kaɗai aka yi ta ba. Ko kai ba ka da abin ɓoyewa, wayarka tana ɗauke da na waɗanda suka yarda da kai, kuma ba naka ba ne balle ka yi kyauta da shi.