Hasken da Ya Kori Bunyaminu

Ma'azu magini bai taɓa zama mai daɗin baki ba, wannan kowa ya sani a ƙauyensu da ke kusa da Illo. Amma in ana maganar tsohon zauren mai gari, to a ja baya a ba shi wuri. Kakan Ma'azu ne ya gina shi da tubali da azara, shi kuma shekara arba'in yana yi masa yaɓe duk bayan damina. Tagogi biyu ne kacal, can sama, kowacce ba ta fi tafin hannu ba. Ko da tsakar rana ka shiga, muryar mutum za ka ji, fuskarsa kuwa sai dai ka kintata.

A nan ake sasanta manoma da makiyaya. Cikin wannan duhu-duhun, dattijo kan ce a yi masa haƙuri ba tare da an ga idonsa ba.

Kwatsam 'yan bokon garin suka tashi gyara, wai za a raya tarihi. Suka kwaso wani ɗan kwangila, Ɗanliti, mai takalmi sau-ciki da iyayin tsiya. Ma'azu ya tare shi ya ce kada ya taɓa tagogin nan.

"Baba, wannan ai kabari ne," in ji Ɗanliti. "Baƙi za su riƙa zuwa ɗaukar hoto."

"Hoton uban wa?" in ji Ma'azu.

Ko kallonsa ba a sake yi ba. Suka fasa bango suka saka manyan tagogin gilashi, suka lafta siminti, suka shafe da fenti fari fat. Zaure ya koma kamar ɗakin shan magani. Tir da wannan aiki.

Da kaka ta yi, shanun Bunyaminu suka faɗa gonar geron Ma'azu. Bunyaminu Bafillace ne, amininsa tun suna yara. Ma'azu da bakin nan nasa ya wanke shi tas a kasuwa, a gaban surukan Bunyaminu. Kafin ya isa gida ya yi nadama, don geron bai dame shi ba, abokin ne ba ya son rasawa. Da mai gari ya kira su zaure, ya tafi da niyyar neman gafara.

Ina! Rana ta kwararo ta gilashi, kowa a fili. Matasa sun yi cincirindo a bakin tagogi, wasu har sun ɗaga waya. Bunyaminu ya ja rawani ya rufe baki, kansa a ƙasa. Ma'azu ya buɗe baki, ya ga idanu caa a kansa, ana jira a ga yau magini zai sauko. Zuciya ta ɗebe shi.

"In ba ka iya tsaron shanunka, sai da su ka huta."

Bunyaminu ya ɗauki sandarsa ya miƙe. "Na jiya, Ma'azu," ya ce.

Kwana uku tsakani ya kora shanunsa ya tsallaka iyaka zuwa ƙasar Benin da iyalinsa.

Har yau Ma'azu na tsine wa Ɗanliti safe da yamma, bai kuma sake taka zauren ba. Sai dai ya san ba Ɗanliti ne ya faɗi waccan magana ba, kuma abin na cinsa. Duk ranar kasuwar Illo yana bin makiyayan da suka tsallako yana tambayar Bunyaminu. Sukan ce lafiyarsa lau. Sai ya tsaya jiran sauran saƙon, su kuma su ci gaba da cinikinsu.